Ranar da Na Ceci Mutanen Zurmi

Ko da ni na so in manta da ranar ɗaurin auren Yaya Hajara, dangina ba za su taɓa bari ba. Har gobe in an haɗu wurin suna ko biki, sai wani ya ɗaga kofin ruwa ya dube ni ya ce, "Dakta, a sha?" Ni kuwa ko allura ban iya yi ba.

Lokacin ina aji huɗu a sakandare a Kaura Namoda, ba a kai ga ba mu jihar Zamfara ba. Akwai wani mai ba da hayar littattafai kusa da tashar jirgin ƙasa, can nake tarewa duk ranar fita. Na soyayya ba su dame ni ba. Nawa su ne na Turancin nan na matasa, inda mugaye ke kiwon ƙwayar cuta a ɓoye su zuba a tankin ruwan birni, sai wani ɗan makaranta ya gano su, manya suna ta barci. Akwai wanda na karanta har bangonsa ya fita. Mugun da ke cikinsa yana sa baƙin tabarau, yana yawo da 'yar kwalba a aljihu. Jarumin kuwa sa'ana ne (a ganina har kama muke, duk da babu hotonsa a littafin).

Sai shekarar ta zo da sanƙarau. Bazara ta yi zafi, kullum ka ji wane ya kwanta, wuya ya ƙi juyawa. Tsofaffi suna cewa ikon Allah, malaman asibiti suna cewa zafi da cunkoso. Ni kaɗai duk faɗin lardin na san akwai hannu a ciki. Da na zo gida Zurmi don bikin, na tsaya a kan Inna a bakin murhu ina yi mata lacca a kan ƙwayar cuta, har ta ce in boko ne ya mai da ni haka, a mayar wa gwamnati abinta.

Ranar ɗaurin aure da hantsi dangin ango suka iso daga Shinkafi. Baba ya sa an jera randunan ruwa a gindin darbejiyar bayan zaure saboda baƙi. Ba wanda ya ba ni aikin gadinsu. Ni na naɗa kaina, na laɓe jikin katanga ina kallon duk mai ɗaukar moɗa.

Can sai ga wani dogon dattijo da ban taɓa gani ba. Baƙin tabarau a ido, gefen rawani a kan hanci. Ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu. Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar kwalba irin ta maganin tari, bakinsa yana motsi, ya ɗaga murfin babbar randar ya fara tsiyayawa.

Mai karatu, ka faɗi gaskiya, in kai ne fa? (Kada ka amsa. Na san sallama za ka yi.)

Ni ban yi ba. Da gudu na zo na doke hannunsa, kwalbar ta faɗi kan dutse ta tarwatse. Na sa kafaɗa na tunkuɗe randar, ita ma ta fashe. Sannan na buɗe murya yadda za a ji ni har kasuwa: "Kada kowa ya sha ruwan nan! Ga mai zuba sanƙarau!"

A irin wannan shekara, wannan magana ba ta wasa ba ce. Kafin in rufe baki samarin unguwa sun iso da sanduna, wani ya cakumi babbar rigar dattijon, tabarau ya faɗi ƙasa. Ni kuwa na tsaya na riƙe ƙugu, ina jiran a fara sa mini albarka.

Ango ne, Yaya Sani, ya ratso taron yana haki. "Ku sake shi," ya ce. "Mahaihina na."

Ashe Alhaji Mamman ne, surukinmu. Tabarau kuwa aikin ido aka yi masa. Abin da ke cikin kwalbar ruwan Zamzam ne da ya rage masa tun zuwansa Makka shekarun baya. Kowa ya san in aka ɗiga shi a randa, duk mai sha ya sami rabonsa. Ni ma na sani, a gidanmu aka haife ni. Waiwayen da yake yi, gudun kada a gani a hau roƙonsa ne.

Ƙanen Alhaji, wanda shi ne wakilin ango, ya kaɗe rigarsa. "Aure munka zo nema, an ce kashe gari munka zo yi. Ku tashi mu tahi." Direbobi suka tayar da motoci. Daga cikin gida na jiyo kukan Yaya Hajara, wadda ta yi shekara biyu tana jiran wannan rana. Na ga Baba, mutumin da ban taɓa gani babu hula ba, ya cire ta ya durƙusa a cikin caɓin da na yi. A nan ne kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa hannuwana.

Alhaji ya dubi inda ruwan ya zube. Ya tsuguna, ya dafa jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya shafa a fuska.

"Wanga ruwa don likkahwanina na aje shi," ya ce a hankali. "Jiya na ce, gara masu rai su sha, albarkacin yaran ga." Ya ƙara duban ƙasar. "To, ga shi ƙasa ta riga kowa. Dama can za ni, na iske shi. Ku kashe motocin ga, a ɗaura aure."

Sai ya laluɓo tabaransa ya mayar, ya juyo gare ni. "Kai kuma Dakta, in ka sake ganin mai kashe jama'a, hwara yi mai sallama."

An ɗaura aure. Ni kuwa na wuni ina jigilar ruwa daga rijiya zuwa randunan aro, duk wanda ya ɗauki moɗa sai ya nemi iznina.

Da na fara aiki, abu na farko da na roƙa wurin wani abokina da ya dawo Makka shi ne kwalbar Zamzam. Na ajiye ta a ƙasan akwati, ban gaya wa kowa ba. Ranar da aka aiko Alhaji Mamman ya rasu, na hau motar Shinkafi da ita a aljihu, na isa ana cikin ɗinkin likkafani. Na yi sallama, na miƙa wa Yaya Sani. Ya juya kwalbar, idonsa jajur, sannan ya ce, "Dakta, ka gwada shi?" Muka yi dariya hawaye yana zuba.

Har yanzu ina karanta irin littattafan nan, ban tuba ba. Sai dai na lura da abu guda: babu inda jarumin yake yin sallama ya tambayi mutum abin da ke cikin kwalbarsa. Da yana yi, da littafin bai wuce shafi biyu ba, da randar Inna tana nan.