Ranar da na kori malamarmu

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Litinin a Ikara, zamanin soja, lokacin da sabulu da sukari sai an yi layi. Ina aiki a ɗakin shan magani na Nasarawan Doya, sai takarda ta zo cewa ina cikin waɗanda za a horar kan kula da mutanen da fari ya koro daga Nijar. Damina ta yi ta gajarce musu, dabbobinsu sun mutu, ga su nan suna sauka a bakin kasuwanninmu, yaransu na fama da gudawa da ƙyanda.

Na sa aka wanke farar rigata da ragowar sabulun gida, aka goge ta tas. (Matata ta tambaye ni ko ɗaurin aure za ni.) Na soka biro uku a aljihu, ɗaya ne kawai ke rubutu.

A ƙofar ajin da za a yi taron na tarar da wasu mata baƙi a gindin darbejiya. Cikinsu akwai wata dattijuwa mai koɗaɗɗen zane da silifas, rungume da yarinya. Ta ce, "Ɗana, yarinyar nan tun jiya take gudawa. Me za a ba ta?"

Ko gaisuwa ban yi ba. Na ɗaga murya yadda ake wa wanda ba ya jin Hausa (ita kuwa da Hausa tsantsa ta yi mini magana), na ce, "Nan ba asibiti ba ne. Taron ma'aikata ne. Ku tafi can." Har da nuni da hannu.

Muna zama aka ce mu miƙe, ga Sista Rahila, wadda za ta koyar da mu. Ta shigo da zanen nan da silifas ɗin nan. Ashe dattijuwar nan ce, ta mayar da yarinyar hannun uwarta a gindin darbejiya.

Ta ce, "Kafin mu fara darasi, da safen nan na nemi taimakon wani a cikinku, ya kore ni. Ba zan faɗi ko wane ne ba."

Ko kallona ba ta yi ba. Bulus, abokina daga Kudan, ya raɗa mini, "Wane marar kunya ne wannan?" Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma sai na ji ni a tsaye, bakina na cewa, "Sista, wallahi ban san ke ce ba."

Bulus ya ja kujerarsa gefe.

Ta ce, "Na sani, ɗana. Da ka san ni ce, da har ƙasa za ka gaishe ni. To uwar yarinyar fa, wa zai san ta?"

Ta miƙo mini kwalbar ruwa da gishiri da sukari. A gaban kowa na haɗa, na fita na durƙusa ina ba yarinyar cokali-cokali. Kafin la'asar ta buɗe ido ta nemi nono.

Tun ranar, duk wanda ya zo mini sai na gaishe shi kafin in dubi takalminsa. Na kuma koyi cewa in ana rufa maka asiri, ka zauna a kujerarka.