Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Yin Nawa a Faskari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je neman aikin koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Faskari ba. Lokacin na gama karatu, ina zaune gida Ƙanƙara, ba abin yi sai bin Baba gona. Aka ce in zo in gabatar da darasi a gaban malamai da mai makarantar, wani Alhaji dattijo.

Na shirya abin da na tabbata zai burge su. Manhaja biyu na rubuta. Ta farko tana maimaita lissafi ɗaya sau miliyoyi, ta biyu kuma ta yi shi sau ɗaya ta riƙe amsar. Nufina in nuna yadda maimaita aiki ke cin lokaci. A gida na gwada, ta farkon har sai da na gaji da jiranta.

Ranar sai kwamfutata ta ƙi kunnuwa, aka ara mini ta makarantar, na zuba manhajojin a ciki. Na gyara hula (ta aro ce ita ma) na ce, "Ranka ya daɗe, kafin wannan ta gama, sai a je a sha shayi a dawo."

Na danna. Ban ko ɗage yatsa ba amsa ta fito. Na sake dannawa, haka. Na kunna ta biyun, babu wani bambanci.

Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "To Malam, wace ce mai nawar?"

Na ce ina jin zafin garin ne ya shafi injin. Wata malama ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa.

Sai a mota, mun kusa Ƙanƙara, abin ya faɗo mini. Akwai manhajar da ke juya rubutunmu zuwa yaren inji, kwamfaila muke ce mata. A kwamfutar makarantar an saita ta ta share duk lissafin da aka maimaita a banza. Aikin da na zo yin taƙama da shi, ta riga ta yi shi shiru. An koya mana wannan, har jarrabawarsa na ci, amma hadda na yi.

Bayan mako aka kira ni in fara aiki. Wai Alhaji cewa ya yi yaron da duk abin da ya taɓa sai ya yi sauri, ai ba a barinsa.

Har yau ina koyarwa a can, amma yanzu sai na danna na gani kafin in buɗe baki.