Rasuwar 'Yar Aljihu, Mai Ido Ɗaya

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ƙugu cike da ciwo, ni Auta, a madadin kaina da aljihun rigata na hagu, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata, wadda aka fi sani da 'Yar Aljihu. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da yamma, a tsakar gidan Inna, cikin bahon wanki, a gaban shaidu goma sha tara. Ta rasu tana da shekara biyu da wata huɗu. Garantinta ya riga ta tafiya da wata huɗu cif.

Marigayiya ƙarama ce a jiki, ba ta fi tafin hannu ba, amma duk wanda ya zauna da ita ya san 'yar babban gida ce. Ba ta da hayaniya. Idan za ta farka sai ta ce "zzzt", ta miƙo idonta waje a hankali, idan ta ɗauki hoto ta ce "ƙyas", daga nan ba za ka ƙara jin bakinta ba. Tana shiga aljihu ta yi lamo, ba ta taɓa sa ni rataya jaka a wuya kamar mai karanta mitar wuta ba. Ta san launi. Ta san darajar baƙar fata, ba ta taɓa mayar da kowa ruwan toka ba. Idan ta ɗauki mutum, sai ta fito da shi tas, ta narkar da duk abin da ke bayansa, kuma da wannan hali ta rufa wa falonmu asiri fiye da sau ɗari. Ko a ɗakin da fitila ɗaya ke ci, tana gani. Gaskiya kuma ba ta ɓoye ta: ita ce ta fara sanar da surukina cewa ya yi furfura a kunne, har yau bai yafe mata ba.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma marigayiya da kanta ba ta son gyaran fuska, don haka zan faɗa. Tana da cin batir. Batir uku nake yawo da su, kuma ba ta taɓa suma ba sai daidai lokacin da jariri ya yi murmushi. Idan rana ta take, allonta sai ya zama madubi, in tsaya ina kallon hancina ina harbi da ka. Maɓallanta an yi su ne don yatsun da ba irin namu ba. Tana tsoron ruwa, ko yayyafi aka fara sai in tura ta cikin riga in ruga. Game da abin da na biya kafin ta shigo gidana kuwa, ina roƙon masu zuwa ta'aziyya su kame bakinsu, domin uwargida har yau ta ɗauka kyautar abokin aiki ce.

Babban halinta shi ne taurin kai. Ido ɗaya aka haife ta da shi, ba a cirewa, ba a canzawa, kuma ba ya jawo abu kusa, wato ba shi da zum. Idan kana son abu ya girma, ka taka ka je wurinsa. Idan kana son ya shiga duka, ka ja da baya. A dalilinta na hau dandamali ranar bikin kammala karatun 'yata, na tsaya kusa da shugaban makaranta har ya miƙo mini takardar shaida. A dalilinta na san warin bakin raƙumin dawa a gidan namun daji. Ni kuwa ina alfahari da hakan, ina gaya wa mutane ƙafa ita ce zum na gaskiya. Ƙafar ce ta kashe ta.

Ga yadda ajali ya zo. Mu shida Inna ta haifa. Manyanmu biyu, Yaya Dogo da Yaya Malama, shekara tara ba sa ga maciji, a kan wata magana da kowannensu ke ba da labarinta daban. Inna ta tsufa, gwiwa ta ƙi, ido ya fara ja baya. Abu ɗaya ta roƙa: ta ga 'ya'yanta a hoto ɗaya tun tana iya gani. Sai da ta yi ƙaryar ciwo sau biyu kafin Yaya Dogo ya hau jirgi ya zo, kuma kwana ɗaya tak ya ce zai yi.

Da aka jera kujeru, ni da iyayina na bi kowa da faranti na karɓe wayoyi, na kai ɗaki na kulle. Na ce ba za a raba mini idon jama'a ba, kuma ba a kunna kyandir inda marigayiya take. Abin da ban gaya wa kowa ba, na manta katin memori a cikin kwamfutar ofis. Na kwantar da hankalina da cewa tana da ɗan cikinta na ajiya, zai ɗauki hoto kaɗan.

Mutum goma sha tara suka ƙi shiga ido ɗaya. Yaya Dogo ya tsaya can dama, Yaya Malama can hagu, tsakaninsu mota za ta wuce. Na ce su matso. Suka matso taku ɗaya kamar ana cire musu haƙori. Na ce ba ni ba ne, kyamara ce ba ta ganinsu. Haka na yi ta matse su, jikoki a ƙasa, surukai a gefe, har manyan biyu suka haɗu a bayan kujerar Inna, kafaɗa da kafaɗa. Yaya Dogo ya rasa inda zai kai dogon hannunsa, ya ɗora shi a kafaɗar Yaya Malama. Ba ta ture ba. Saura gwiwar hannun wani suruki a waje, sai na ja da baya taku ɗaya, na ƙara ɗaya. Marigayiya ta ce "ƙyas". Na ce bari in ƙara na tabbaci, na sake ja da baya, dunduniyata ta sami bakin bahon da aka jiƙa labule a ciki. Na zauna a ruwan sabulu har ƙirji, ita kuma ta riga ni nutsewa. Kalmarta ta ƙarshe "zzz" ce, ba ta kai ga "t" ɗin ba.

Kafin in fito daga bahon, Yaya Malama ta tambaya wa ya bar wanki a tsakar gida, Yaya Dogo ya ce ai wasu tun suna yara ba sa kwashe abin da suka jiƙa. Ban gama neman makullin ɗakin wayoyi a jiƙaƙƙen aljihuna ba, Yaya Malama ta tafi. Shi kuma ya bi jirgin safe.

An yi wa marigayiya duk abin da ya kamata. Ta kwana huɗu a cikin buhun shinkafa, an hana kowa ɗiba. An yi mata fifita da na'urar busar da gashi. Ranar Alhamis na ɗauki Inna muka kai ta wurin mai gyara, wani dattijo mai tabarau biyu a hanci ɗaya. Ya jona mata wayoyi, ya ce mu matso, in ma za ta farfaɗo ba za ta daɗe ba. Allon ya kawo haske. Hoton ya fito, kowa a ciki in ban da ni mai ɗauka, babu wanda ya rufe ido. Inna ta kai fuskarta dab da shi, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan hannun nan.

"Ashe hannun Dogo ya san hanya," in ji ta.

Allon ya yi fari, ya yi baƙi. Mai gyara ya cire tabarau ɗaya, ya ce sai haƙuri.

Marigayiya ta bar batir uku marayu, da caja, da jakar fata da ba ta taɓa shiga ba, da igiyar hannu wadda da na ɗaura ta da ba a kai ga wannan sanarwa ba. Ta bar murfin ido, wanda ya ɓata tun makon farko, idan yana raye a sanar da shi. Ta bar katin memori a ofis, lafiyarsa ƙalau, ba ya jin kunya. Ta bar hotuna dubu goma sha ɗaya, kusan rabinsu na kofin shayi ne. Ta kuma bar ni, da kunya da nadama, domin na hana uwata abu ɗaya da ta roƙa saboda son a yaba wa abin aljihuna.

Za a yi zaman makoki kwana uku a tsakar gidan Inna, daga safe zuwa yamma. An kwashe bahon. Kowa ya riƙe wayarsa. Ba za a yi wa gawa wanka ba, ta riga ta yi.

Za a kai ta makwancinta gobe da hantsi, a cikin akwatin Inna, ƙarƙashin mayafai, naɗe da ɗankwalinta mai ruwan goro. Da farko ba haka na shirya ba. Mai gyara ya ce zai iya farke cikinta ya gwada ciro hoton, ko ya fito ko ya tafi gaba ɗaya, kuma ni na yarda a gwada. Inna ta miƙa hannu ta ɗauke ta daga kan tebur. Na ce mata ba fa za ta ƙara kunnuwa ba, kuma in ba a buɗe ba babu mai sake ganin hoton.

"Na gani ai," ta ce. "Shekara tara ina neman inda zan zaunar da su. Tunda sun zauna a nan, kada wanda ya tashe su."