Rasuwar Mai Tagogi Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Allah, ni Harjo Sumitro, mai buga wa mutane wasiƙu a garin Salatiga, ina sanar da rasuwar kwamfutata, Mai Tagogi Huɗu, ranar Talata da hantsi, tana da shekara ashirin da biyu.

Marigayiya mai adalci ce. A gilashin fuskarta kowane aiki da tagarsa, kuma ba ta taɓa ɗora taga kan taga ba. In ka buɗe sabon aiki, sai na da su matsa su ba shi wuri, kowa da gefensa kamar masu cin tuwo a kwano ɗaya. Na zamani kuwa, babba ya danne ƙarami, a ce ci gaba ne.

Matata Sulastri, mai kirana Mas, ta san ba na ɗaga kai in ina aiki, don haka ta mallake tagar ƙasa ta hagu, nan take bar mini saƙo. Wata safiya ta rubuta ta tafi kasuwa. A can ta yanke jiki ta faɗi, rai ya yi halinsa. Shekara goma sha uku ke nan, kullum saƙon nan nake fara buɗewa, kuma duk yawan aiki marigayiya ba ta taɓa yarda wani abu ya rufe shi ba.

Jinyar kwamfutar gajeriya ce. "Ƙirrr, tak, tak" da muka saba ji ya koma "tak" ɗaya, sannan shiru. Koh Bing, mai gyara, ya duba faifan ajiyarta ya ce, "Pak Harjo, ka yi haƙuri. Ko harafi ɗaya ba zai fito ba." A gaban mutane na yi kuka, ban ji kunya ba.

Marigayiya ta bar linzamin kwamfuta ɗaya, da firinta mai tarin tsufa, da ni.

Mai sayen tsoffin ƙarafa zai ɗauki gangar jikin ranar Asabar bayan la'asar. Akwai shayi da soyayyen rogo. Gilashin dai ba zai bi ta ba. Da 'yata Wening ta zo share shi, sai ta ce, "Bapak, zo ka gani." Tsabar daɗewa wuri guda, rubutun ya ƙone a jikinsa, ana karanta shi ko ba wuta:

"Mas, shayinka na kan tebur. Yanzu zan dawo."