Ranar da Mai Girma ya zari cokalin shayi

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini ko a zuci, zan ji.

Shekaranjiya aka kwashe mu, mu tsofaffin Ƙofar Durɓi, mu je mu cika kujeru. Wai za a gwada sababbin ma'aikatan motar asibiti, a ga ko sun iya da yaron da jijjiga ta kama. Ni don Dije na je, ɗiyar maƙwabcina Malam Babaji. Wata shida tana karatun nan, kuma in ta faɗi gwajin sai baɗi.

Ba yaron gaske aka kawo ba. 'Yar tsana ce ta roba, girman ɗan yaye, daga ƙasar waje, wai da an jona mata wuta sai ta hau kakkafewa. Tun zuwanta tana kulle a ofishin Mai Girma Uban Yanke Ƙyalle, kada ɗalibai su ɓata ta. Allah ya ƙara masa tattali. Dije kuwa da matashin kaina ta koya, ni ke girgiza shi har kafaɗata ta ƙage.

Aka jona, shiru. Babu wuta, wanda aka aika sayen man janareto kuma yana kan layi tun safe. Sai aka ce Shehu direba ya shiga ƙarƙashin teburin da aka kwantar da ita ya riƙa jijjiga shi.

Dije ta duba agogo, ta juyar da 'yar tsanar ta kwanta a gefe, ta sassauta mata wuyan riga. Masu hoto suka yo kanta. Da Mai Girma ya ga hoto zai wuce shi, sai ya tattare babbar riga, ya zari cokalin shayi.

"Ke yarinya, kauce! Za ta ciji harshe. Haka kakata take mana."

Mu tsofaffi muka gyaɗa kai, don mu ma cokalin muka sani, da albasa, da hayaƙi.

Dije ta sa hannu ta tare. Ku tuna fa, shi ne zai sa hannu a takardar sakamakonta.

"Ranka ya daɗe, ba a sa komai a baki. Haƙori ke karyewa, yaro ya shaƙe."

"In ji wa?"

"In ji littafin da aka raba mana, ranka ya daɗe. Mai hotonka a bangonsa."

Hauwa'u mai ƙosai ta mintsine ni. "Iya, ɗiyar Babaji ta jawo wa kanta."

Tebur dai na ta ƙara. Can muka ji muryar Shehu daga ƙasa: "Yallaɓai, ta farfaɗo ko in ci gaba? Wallahi hannu ya mutu."

Mai Girma ya dubi masu hoto, ya dubi cokali. "Madalla! Gwada ta nake." Ya koma ya hau motsa kofin shayin da ya riga ya shanye. Muka tafa, abin da aka kawo mu yi ke nan.

Dije ta ci, an ba ta takarda, tana jiran motar asibitin ta dawo daga kai kujerun wani biki. Shehu na gida ana gasa masa kafaɗa. An kafa kwamitin mutum tara ya binciko dalilin da 'yar tsana ta ƙi motsi. Jiya kuma aka sanar da mu cewa Mai Girma, cikin hangen nesansa, ya hana sa wa yara cokali a baki. Ni dai na daina. Ku ma ku daina, ko wane ne ya faɗa.