Jatau Na-Landan da Mawaƙi Mai Gashin Zinariya

Wani mutum ne a Jos, Jatau Na-Landan, mai gyaran rediyo, wanda bakinsa ya fi duk kayan shagonsa ƙara. Landan ɗin da ya sani ba ta wuce ta jikin gwangwanin biskit ba, amma in ka zauna da shi minti biyar, sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya. Fanninsa ɗaya ne: mawaƙan Ingila na da, waɗanda suka tsallaka teku suka rikita Amurka, 'yan mata na ta suma a filin jirgi.

"Kunnena sikeli ne," in ji shi. "Ƙiris nake ji, in gaya maka wannan ɗan Ingila ne, wancan Ba'amurke, wancan kuwa ɗan kwaikwayo. Yo ba tare muka sha shayi da su ba?"

Ana nan, sai wani gidan rediyo ya buɗe filin tsofaffin faya-fayai, ana neman mai gabatarwa duk Asabar. Shugabar shirye-shirye, Malama Tasalla, ta ce Jatau ya zo a gwada shi kai tsaye. In ya ci, filin nasa ne. Abin nema ya samu! Jatau ya bi unguwa gida-gida yana cewa kowa ya kunna rediyo, wanda tasa ta lalace ma ya gyara masa kyauta.

Ranar Asabar ya ci kwat da taye a tsakar rana, gumi sharkaf. A ƙofar ɗakin watsa shiri ya tarar da wani tsoho, gajere, baƙi wuluk, da hula da ta sha jiki. Jatau ya miƙa masa jaka.

"Baba masinja, riƙe min. A hankali fa, fatar Ingila ce."

Tsohon ya karɓa, ya bi shi ciki.

Jar fitila ta kunnu, alamar an fara shiri. Tasalla ta ɗora faifai na farko.

"Ɗan Ingila!"

Daidai. Ta ɗora na biyu.

"Ba'amurke! Wannan ba ya cikinsu."

Nan ma daidai. Ba wani sikeli ba ne, tutar da ke jikin kwalayen faya-fayan yake satar kallo. Ya miƙe ƙafa, ya gyara taye, yana jin filin ya riga ya shiga aljihu.

Sai Tasalla ta zaro wani koɗaɗɗen faifai, ba kwali, ba rubutu. Allura ta sauka. Ƙarr, ƙarr! Jita ta ɗauka, tirin-tirin-tin! Wata murya ta shigo da Turanci ta hanci. Tun da Jatau yake, bai taɓa jin waƙar ba. Amma kura ko za ta mutu, ba ta fasa dariya. Ya rufe ido, ya dafe ƙirji.

"Wayyo, Malama! Kin fama min tsohon ciwo."

"Wannan yana cikin waɗanda suka ci Amurka?"

"Yana ciki? Ai shi ne uban tafiyar! Shi ya fara sauka daga jirgi. Wilbat ke nan. Dogo, fari sol, gashi kamar zinariya har kafaɗa. Ki ji hancin nan! Baƙin mutum ko shekara goma ya yi yana kwana a ƙanƙara, ba zai fitar da shi ba."

"Kun saba sosai ke nan?"

"Sabo? Ranar da zai cika, hannunsa na cikin nawa. Ya ce, 'Jatau, ga jitata nan, amana.' Ban ƙara jin daɗin duniya ba."

Har da sharar hawaye da bakin taye.

Daga bayansa aka ji tsohon nan ya ce, "Inna lillahi! Ashe na mutu, ba wanda ya gaya min?"

Tasalla ta danne dariya da ƙyar, ta jawo wa tsohon kujera.

"Masu sauraro, ga baƙonmu na biyu, Baba Nomau, tela a Unguwar Rogo. Shi ne jagoran Samarin Tudu, masu kwaikwayon mawaƙan Ingila a otal-otal ɗin garin nan a zamanin ƙuruciyarsu. Waƙarsa ce kuke ji."

Baba Nomau ya gyara murya, ya kama amshi tare da faifan, baiti da baiti, ba tuntuɓe. Jatau ya hau sassauta taye.

"Eh, to... ai murya takan yi kama..."

Baba Nomau ya cire hula, sanƙo ƙwal yana ɗaukar ido.

"Ɗana, gashin zinariyar dai ka ga yadda ya ƙare. Hancin da kake yabo kuwa, mura nake yi ranar da aka ɗauka."

Nan take Tasalla ta sanar cewa filin Asabar na Baba Nomau ne. Jatau ya zame daga kujera zai sulale, tsohon ya cafke masa gefen kwat, ya matso da baki kusa da makirfo, duk unguwa na ji.

"Tsaya mana, mai amana. Tunda Allah ya dawo da ni, ka kawo min jitata Asabar mai zuwa. Da ita zan buɗe filin."