Rasuwar Celestina Mai Jan Zane

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta cika har ta daina jin nauyin kanta, Alhaji Rabe Na-Yauri, mazaunin Whalley Range a Manchester, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramin jirginsa na ruwa, irin wanda iska ke turawa da zane, Celestina mai jan zane. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a filin da ke bayan gidansu, tsakanin kwandunan shara da igiyar shanya. Alhaji yana tsaye a cikinta lokacin da abin ya faru, kuma ya fito da ƙafarsa lafiya, kamar yadda ya saba fitowa daga komai.

Liman ya ja kunne cewa ba a karanta wa katako abin da ake karanta wa ɗan Adam. Alhaji ya ji, ya bi. Amma ba a hana sanarwa ba. Ga ta nan da hannunsa, da bokon da ya koya a jikin akwatunan kaya, ba aji, ba malami, ba bulala.

Wanda bai san Alhaji ba, to ya sani yau. A bakin Kwara aka haife shi, ya iya iyo kafin ƙafarsa ta yi ƙwari. Dorina ta fasa kwale-kwalen mahaifinsa yana ciki, ya fita. Ya yi shekaru a ɗakin injin manyan jirage tsakanin Legas da Liverpool, gobara ta tashi a tsakiyar teku, ya fita. Aka rufe tashar da ta kawo shi garin nan, abokan aiki suka watse, wasu suka koma gida a akwati, shi yana nan. Likitoci suka buɗe ƙirjinsa suka ɗinke, yana nan. Mutum irin wannan ba ya kuka saboda katako, kuma bai yi ba. Yana zaune ne kawai.

Marigayiya 'yar gidan Mirror ce, ƙananan jiragen nan masu dakusasshen hanci da ake ɗinkewa da wayar tagulla a shafe da gam. Wani tsohon direban bas ne ya haɗa ta a garejinsa, ya raɗa mata sunan da ta mutu da shi. Matuƙa suna cewa sauya wa jirgi suna yana jawo tsiya. Alhaji ba ya camfi. Bai dai sauya ba.

Sama da shekara ashirin tana kwana a rumfar jirage a bakin wani tafki arewa da gari, kuma Alhaji ya tuƙa duk maƙwabtanta na rumfar, don haka ba labari ya ji ba. Akwai Enterprise ta Gamaliel, akantan nan mutumin Jos, mai shuɗin zane. Kyau akwai, gudu akwai, idan ta kwanta a iska har mutanen bakin ruwa suna daina cin abinci su kalla. Amma ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ka yi atishawa a gefen da bai dace ba, ka tsinci kanka a ruwa. Rabin ruwan tafkin nan Gamaliel ya shanye shi. Duk da haka shi ne mai kiran Celestina bahon wanka, sai ran da Alhaji ya gaya masa a gaban jama'a cewa baho ne, an yarda, amma bai taɓa yi wa mai shi wankan da bai nema ba.

Akwai GP14 ta Alice, tsohuwar nas, mai hoton ƙararrawa a zanenta. Wannan dattijuwa ce, ba ta tsorata, ba ta ba da mamaki. Aibinta nauyi. Kafin ka fitar da ita daga ruwa sai ka roƙi ƙarti biyu, kuma jirgin da sai ka yi roƙo kafin ka koma gida ba naka ba ne kai kaɗai. Ita kuwa Wayfarer ta club ɗin matuƙa, wadda ake koya wa sababbi tuƙi a ciki, bas ce ta hukumar gari aka sa wa zane. Za ta kai ka, za ta dawo da kai, hannunka ba zai ji komai ba.

Celestina ba ta fi su kyau ba, ba ta fi su gudu ba. A faɗi gaskiya a kan mamaci: ƙunci gare ta, gwiwar dattijo ba ta samun wurin miƙewa, kuma sandar ƙasan zanenta ta san ƙeyar Alhaji sarai. Amma tsoho ɗaya yana jan ta a amalankenta har bakin ruwa ba tare da ya kalli fuskar kowa ba. Kuma tana da magana a hannu. Kafin iska ta juya, sandar tuƙinta takan yi ɗan nauyi a tafin hannu, kamar yaro ya ja maka riga. Wanda ya saurara ba ya kifewa. Alhaji bai taɓa kifewa ba, sai dai a tambayi kowa.

Ana tunawa da muryarta. Idan ruwa ya ɗan tashi, goshinta yakan ce "caɓ, caɓ, caɓ." Idan an juya ta, zanen ya ce "fal-fal-fal," sannan ya yi shiru ya cika. A rumfa kuwa, igiya tana bugun doguwar sandarta, "tin, tin," kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ladabi.

A gabanta marigayiya Hajiya Batulu, matar Alhaji, take zama, mayafi a kan rigar ruwa, flas ɗin shayi tsakanin ƙafafunta, tana cewa ita ba son ruwa take yi ba, ta zo ne ta ga ranar da fankama za ta nutse. Facin da ke kusurwar zanen ɗinkinta ne, daga atamfarta ta yanka, jan bai ma zo ɗaya ba. Bayan rasuwarta jirgin ya riƙa ɗaga hanci, don ya saba da nauyi a gaba. Sai Alhaji ya cika jarka ya ajiye a wurin. Maganar daidaita jirgi ce kawai, duk matuƙi ya san haka.

Tun lokacin nan 'yarsu Zinatu, wadda take aikin likita a Birmingham, ta gyara ɗaki a ƙasan gidanta na Perry Barr, ta ce Baba ya dawo wurinta, hawa bene da wannan ƙirjin ya isa haka. Alhaji ya ce wa zai kula da Celestina. Aka ja, aka ja, har suka tsaya a kan magana ɗaya: muddin jirgin yana hawa ruwa, Baba yana flat ɗinsa. Ranar da ya daina, Baba ya haɗa kaya. Alhaji ya ba da kalmarsa yana dariya, don ya san jirginsa.

Ciwon ajali ya fara ne shekarar da aka ce gwamnati ba ta da kuɗi. Aka rufe laburaren unguwa, aka rage bas ɗin da ke zuwa tafki, sannan wata safiya aka tarar da kwaɗo a ƙofar rumfa. Kowa ya kwashi nasa. Alhaji ya kawo Celestina filin da ke bayan gidansu kafin a ga abin da hali zai yi.

Alice ta ce a kifa ta a rufe da tamfol. Gamaliel ma haka ya ce. Alhaji ya gode musu. Amma su a littafi suka san jirgi. A Yauri, kwale-kwalen da aka ja tudu ba a barinsa da ƙishi, zuba masa ruwa ake yi don kada ya bushe ya tsage. Haka mahaifinsa ya yi, haka kakansa ya yi, kuma kwale-kwalensu na maɗaci sun binne masu su. Saboda haka Alhaji ya riƙa saukowa da bokiti daga bene, da ɗinkakken ƙirjinsa, yana shayar da ita. Idan ruwan sama ya taimaka, ya gode wa Allah. Sanyi ya zo, ruwan ya zama ƙanƙara, ya narke, ya sake daskarewa. Fentinta ya kumbura. Alhaji ya ƙara mata ruwa. Babu majinyacin da aka kula da shi haka a duk Whalley Range.

Da ɗumi ya dawo, aka ji labarin wani tafki da zai karɓi jirage. Alhaji ya shiga cikinta don ya kwashe ruwan ya shirya ta. Ya sa ƙafar dama. Maganarta ta ƙarshe ba ta da ƙarfi. "Fuɓ," ta ce, kamar burodin da ya daɗe a shayi. Ya duba ƙasa, ya ga takalminsa a kan ciyawa.

Alhaji yana so a sani cewa ruwa ba ya kashe jirgi. Laifin na katakon nan ne mai falle-falle da gam ke riƙe da shi, da kuma waɗanda suka sa kwaɗo a rumfa. Wanda yake da wata magana ya riƙe abarsa. Alice ta zo ta gani, ta riƙe tata, an gode mata.

Marigayiya ta bar jan zane mai faci ɗaya, da amalanke mai sassaucin taya, da jarka, da Alhaji. Enterprise tana gareji a Ardwick, lafiyarta ƙalau, ba mai hawa.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan azahar. Ba za a yi wanka ba, ta sha ruwa isasshe. Gamaliel zai zo da zarto da motarsa, don wurin zubar da kaya ba sa karɓar jirgi sai an yanka. Alhaji ba zai riƙe zarton ba, kuma ba ya so a kira shi ya nuna inda za a fara. Zanen ba zai bi gawa ba.

Ba za a zauna karɓar gaisuwa a Manchester ba. Motar Zinatu za ta iso da la'asar, kayan suna ɗaure tun jiya, domin Alhaji bai taɓa cin maganarsa ba. Mai ta'aziyya ya same shi a Perry Barr, ɗakin ƙasa, hannun hagu. An ce a Birmingham ma akwai tafki da jirage. Bai tambayi sunansa ba.

Sandar tuƙinta kaɗai zai ɗauka a hannu. An daɗe ana ce masa ya nemi sandar dogarawa, yana cewa ta tsofaffi ce. To ga ta. Gajeriya ce, ba ta kai ƙasa sai ya sunkuya. Zai sunkuya.